In ci bashi in faɗaɗa sana'ar yajina, ko in haƙura?

'Yar'uwa, kin ce shekara uku kina daka yaji a gida, yanzu manyan shaguna suna nema, amma kina tsoron cin bashin injin niƙa. Ni dai shawarata ki shiga, sai dai ba ta ƙofar bashin banki ba. A ƙarshen 2024 Babban Bankin Najeriya ya kai kuɗin ruwa kashi 27.5, bankunan kasuwanci kuwa sama da haka suke ɗorawa. Ribar yaji da wuya ta ɗauki wannan nauyin.

Fara da rajistar CAC (hukumar yi wa kamfanoni da sana'o'i rajista) da lambar NAFDAC (hukumar kula da ingancin abinci da magunguna), don babban shago ba zai jera robarki a kanta ba sai ya ga lambar a jiki. Kuɗin inji kuma, kwasar adashi ta fi sauƙi, ko ki tambayi bankin Jaiz tsarin murabaha: su sayi injin, su sayar miki da ribar da kuka yi yarjejeniya, ki riƙa biya kaɗan-kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne shagunan nan sukan karɓi kaya sai an sayar su biya. Kin zuba barkono da citta da kuɗinki, kina jira wata guda ko fiye. Saboda haka ki ware kuɗin sarin barkono na wata biyu kafin ki amsa musu, kuma kada ki saki matan unguwa masu biyan ki hannu da hannu. Allah Ya sa albarka.