Zan Tafi Jamus Kallon Gasar Gem Ni Kaɗai, Ta Ina Zan Fara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Yaya, da fatan kana lafiya, ya aiki. Ni dai matashi ne ɗan shekara 24, tun ina sakandare nake bin gasar Counter-Strike, wato gem ɗin harbi na kwamfuta da tim biyu ke karawa a ciki, a waya, wani lokacin har ƙarfe biyun dare ina zaune ina ihu ni kaɗai sai an buga min ƙofa, to yanzu shekara biyu kenan ina tara kuɗi kuma na ƙudura a raina bana ko baɗi sai na je birnin Kolon na Jamus na ga gasar da idona. Matsalar dai ban taɓa hawa jirgin sama ba, ban san kowa a can ba, abokin da muka shirya tafiya tare kuma ya zame. Wasu na cewa in sayi tikitin jirgi tun yana da sauƙi, wasu na cewa biza tukuna, Umma kuma ta ce ita ba ta ga abin da zai kai mutum uwa duniya don kallon yara na danna kwamfuta ba. Dan Allah ta ina zan fara? Kuma ba zan zama bare a cikin mutane ba? Ƙaninka, mai kallon dare.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanina. Maganar Umma ta ba ni dariya wallahi, za mu dawo kanta, amma bari in fara da inda kuɗinka zai iya salwanta, domin wannan tafiyar takardu ne ke yin ta, wasan na zuwa ne daga baya. Ka riƙe abu ɗaya, duk abin da in ka biya ba a mayar maka da kuɗinka, kar ka biya shi sai biza ta shiga fasfonka. Banda guda ɗaya, tikitin shiga kallo. Shi kam ka fara saya, daga shafin ESL masu shirya gasar, ba hannun wani da ya yi maka magana a Instagram wai yana da ragowa ba, saboda kujeru masu kyau da wuri suke ƙarewa, kuma shi ne hujjarka a ofishin jakadanci cewa ga abin da zai kai ka, in ma aka hana ka bizar asararsa ta fi ta tikitin jirgi sauƙi nesa ba kusa ba.

In fasfonka na cikin masu buƙatar biza, ta Shengen za ka nema, wato biza ɗaya da ke shigar da mutum Jamus da wasu ƙasashen Turai da dama, a ofishin jakadancin Jamus tunda can za ka fi daɗewa. Kuɗinta yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024, kuma ko an ba ka ko an hana ka ba ya dawowa. Ana karɓar takardu tun saura wata 6 tafiya, a ƙa'ida suna yanke hukunci cikin kwana 15 amma yana iya kaiwa 45, sai dai ba nan gizo ke saƙar ba, samun ranar da za a gan ka ɗin shi ne aiki, wani sai ya yi makonni yana leƙa shafin bai ga gurbi ba, shi ya sa da an sanar da ranakun gasa ka fara nema, ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ya zama yana da aƙalla wata 3 a gaba bayan ranar da za ka baro can, da shafi biyu da ba a buga komai ba, sai inshorar lafiya ta tafiya wadda za ta iya ɗaukar yuro 30,000. Otal ka kama irin wanda ake sokewa kyauta, jirgi kuma takardar ajiye kujera ta wadatar a wannan matakin.

Abin da suke dubawa a zahiri shi ne, yaron nan zai dawo? Kai matashi ne, kai kaɗai, fasfo sabo fil ba tambari ko ɗaya, to dole su ƙura maka ido, wannan ba ƙiyayya ba ce haka lissafinsu yake. Takardar wurin aiki ko ta makaranta da ke nuna an ba ka hutu kuma ana jiran ka ta fi dogon bayani amfani. Bayanan asusun banki kuma su nuna tarin da ka yi a hankali, wannan shekara biyun da ka yi kana tarawa ai ita ce ƙarfinka, kar ka je ka ranto wasu maƙudan kuɗi ka zuba saura sati guda, suna ganewa tsaf. Duk wanda ya ce kawo kuɗi ya haɗa maka takardun bogi, ko ya rubuta wai kai ɗan wasa ne alhali ɗan kallo ne, ka guje shi, in aka kama ba wannan tafiyar kaɗai ka rasa ba. Faɗi gaskiyarka kawai, kallon gasa za ka je, ga tikiti, ga ranar dawowa.

Kar ka ga kamar tsoro nake ba ka. A 2021 babbar gasar gem ɗin Dota 2, wato The International, da farko a Sitokholm ta Suwidin aka shirya ta, sai aka ɗauke ta aka kai Bukares ta Romaniya, sannan saura 'yan kwanaki a fara a watan Oktoba kamfanin Valve mai shirya gasar ya ce ba 'yan kallo saboda korona, ya mayar wa mutane kuɗin tikitin kallo, amma kuɗin jirgi da na otal fa? Kowa tasa ta fishe shi. Haka gasar duniya ta gem ɗin League of Legends ta 2024, an fara a Balin, aka koma Faris, wasan ƙarshe da tim ɗin T1 ta ci kuma aka yi a Landan, ka ga wanda ke da Shengen kaɗai a Faris zai tsaya don Ingila bizarta daban. Wannan ya shafe ka ko a zaɓen jirgi, in zai yada zango a wata ƙasa ka bincika ko ana buƙatar bizar wucewa kafin arha ta ruɗe ka.

Sai abin da masu kallo a waya ba su cika lura da shi ba. Tun 2015 ake yin gasar Kolon a zauren Lanxess Arena, ban da 2020 da 2021 saboda korona, amma a yawancin shekarun nan kwana 3 na ƙarshe kawai ake bugawa a gaban jama'a, Juma'a zuwa Lahadi, tim 6 ke isa wurin, sauran wasannin rukuni kai ma a waya za ka gan su ko da kana cikin garin. Ma'ana tim ɗin da kake mutuwar so tana iya kwasar kayanta tun kana ɗaure jaka. In don su kaɗai za ka, ka sake tunani. In kuma don ka ji yadda dubban mutane ke yin tsit lokacin da mutum ɗaya ya rage a gaban uku, bam ɗin cikin wasan na ƙara, sannan zauren ya fashe da ihu har ka ji kujerarka na rawa, to wannan kam ko wa ke bugawa za ka samu.

Zauren yana unguwar Deutz ne, tsallaken kogin Rayin daga babbar tashar jirgin ƙasa, ana iya takawa ta kan gada. In otal ya yi tsada ka duba Bon ko Dusildof, wajen rabin awa ne a jirgin ƙasa, amma dan Allah ka san lokacin jirgin ƙarshe. Ni ya taɓa ci na a wata gasa a wani gari, wasa ya yi ta shiga ƙarin lokaci, na fito sha biyu ta wuce, waya saura kashi 3 don na yini ina ɗaukar bidiyon da har yau ban kalla ba, adireshin otal kuma yana cikin wayar, haka na tsaya bakin tasha ina rawar sanyi da jesi mai gajeren hannu. Tun ranar nake rubuta adireshi a takarda in sa a aljihu. Kai ma ka buga komai a takarda, tikitin dawowa, otal, inshora, don jami'in shige da fice na iya tambaya ko da bizarka a hannu.

Fawabank a jakar hannu ake sa shi, ba a wadda za ta shiga ƙarƙashin jirgi ba, kuma ƙarfinsa kar ya wuce 100Wh. Soket ɗinsu mai rami biyu zagayayyu ne, nemi adafta. Tashoshin jirgin ƙasansu ba shinge, sai ka ga kamar kyauta ne, in mai duba tikiti ya kama ka tarar yuro 60 ce. Ranar Lahadi yawancin kantuna a rufe suke. Ka sanar da bankinka za ka yi tafiya, ka raba kati da tsabar kuɗi wuri biyu, lambar gaggawa 112.

Batun kaɗaici shi ne mafi sauƙi a cikin tambayoyinka. Sa jesin tim ɗinka ka shiga layi, kafin ka kai ƙofa wani ya tambaye ka daga ina, don da yawansu su ma su kaɗai suka zo, kuma sunayen taswira, wato filayen cikin gem ɗin da ake karawa a kai, da na 'yan wasa yare ɗaya ne ga kowa ko Turancinka bai nuna ba. Akwai zaurukan masu zuwa a manhajar hira ta Discord, ka shiga tun kana gida, amma haɗuwa a bainar jama'a, kar ka bi wanda ka sani jiya zuwa masaukinsa, fasfo kuma ba a ba kowa ajiya.

Umma kuwa ba gem ɗin ne damuwarta ba, ɗanta ne zai tafi inda ba ta da wanda za ta kira. Kar ka tsaya yi mata bayanin mene ne Counter-Strike, zauna ka rubuta mata ranar tafiya da ta dawowa da sunan otal da lambarsa, ka sa lokacin da za ka riƙa kiranta kullum, ka nemi albarkarta.

Af, jirgin dawowa ka sa shi Litinin, kar ka kuskura ka sa daren Lahadi. Wasan ƙarshe sai wanda ya ci taswira 3 cikin 5, na 2022 tsakanin FaZe da NAVI sai da aka buga duka biyar ɗin, ba na so ka tashi ana tsakiyar ta huɗu kana jan jaka. In ka samu ranar ganawa da ofishin jakadancin ka sake rubuto min mu bi takardun ɗaya bayan ɗaya.