Amsa ga ƙanina mai shirin zuwa Ingila: aikin kafe, shago, gidan giya da masauki

Wa alaikumus salam ƙanina, na ga saƙonka, kuma na ga gara in amsa maka a fili saboda ba kai kaɗai ke turo min irin wannan tambayar ba. Ka ce ka samu gurbin digiri na biyu a wani ƙaramin gari a arewacin Ingila, an biya wani kaso na kuɗin makaranta saura fam 9,000, kuma ejan ɗin da ya yi maka hanya ya ce kar ka damu, kana sauka za ka samu aiki a kafe ko shago ka cike ragowar. Sannan kana tambaya ko za ka iya fara sauka a gidan baƙi kafin ka samu ɗaki, da yadda musulmi yake yi da gidajen giyar nan da aka ce maka kowane lungu akwai su.

Toh maganar ejan dai ajiye ta gefe, ɗauko biro mu yi lissafi. Bizar ɗalibi awa 20 ta ba ka a sati lokacin da karatu ke ci, kuma daga Litinin zuwa Lahadi ake ƙirga satin, ba wai ka yi 30 wannan satin ka yi 10 na gaba ka ce ai duk ɗaya ne ba, sannan ko wurin aiki uku kake zuwa duk a cikin 20 ɗin nan ne. Mafi ƙarancin albashi da aka sa daga Afrilun 2025 ga wanda ya kai shekara 21 fam 12.21 ne a awa, duk Afrilu ana ɗan ƙara wani abu, kuma kafe da shago da ƙyar suke wuce wannan. Awa 20 sau 12.21 fam 244 kenan a sati, a wata dubu ɗaya da 'yan kai, wannan fa idan an ba ka awa 20 ɗin cif, don yawancinsu kwantiragin da suke bayarwa babu alkawarin awa ko ɗaya a ciki, wannan satin manaja ya sa ka awa 18 na gaba ya sa ka 6 saboda an yi ruwa kwastomomi ba su fito ba. Cire kuɗin ɗaki, a garuruwan da na sani ɗaki ɗaya a gidan haɗaka da wuya ka samu ƙasa da fam 400, cire abinci, bas, waya, da ɗan abin da za ka tura gida don wallahi za a tambaya. A ina 9,000 za ta fito? Lokacin hutu ana barinka ka yi cikakken aiki, gaskiya ne, amma ɗan digiri na biyu hutunsa kaɗan ne, watannin zafin da kake gani kamar hutu yawancin makarantu lokacin rubuta kundi suke lissafa su, awa 20 na nan daram. Da naira ta faɗi tsakanin 2023 da 2024 ɗaliban Najeriya da yawa wannan ramin suka faɗa, suka kasa biya a kan lokaci, makaranta ta rufe musu shafinsu na karatu a intanet, wasu har aka kai rahotonsu hukumar shige da fice. Aikin kafe zai ciyar da kai ya biya maka ɗaki in Allah ya taimaka, kuɗin makaranta kuwa ka tabbatar akwai shi a ƙasa kafin ka hau jirgi.

Kuma ƙaramin gari a Ingila ba abin da kake gani a hotunan Landan ba ne. Titi ɗaya ne babba na kasuwa, a jere za ka ga Greggs mai sayar da burodi da kayan gashi, Costa mai sayar da kofi, shagon aski na Turkawa ko Kurdawa, shagon caca, shagon gyaran waya, shagunan gwanjo na ƙungiyoyin agaji irin su Oxfam da British Heart Foundation, sai kuma shagunan da aka rufe an manna takardar neman mai haya. Ƙarfe biyar da rabi na yamma yawanci an ja ƙofa, kafe ma wasu tun ƙarfe huɗu sun kife kujeru a kan tebur, a Disamba kuma kafin huɗun ma rana ta faɗi. Abin da ke rage a buɗe da dare shi ne gidan giya, masu kebab da fiza, da shagon unguwa. Ka ga kenan ayyukan da ɗalibi zai samu bayan ya fito daga aji su ne daidai wuraren da za su sa ka tunani a kan addininka. Shagunan gwanjon nan dai kar ka raina su, nan za ka sayi rigar sanyi da tukunya da cokula da arha.

Aikin kafe shi ya fi sauƙi a ido amma ka san me za ka riƙa taɓawa. Karin kumallon Bature a faranti ɗaya: soyayyen naman alade, tsiran alade, ƙwai, wake na gwangwani, tumatir, burodi gasasshe, da wani baƙin yanki da ake yi da jinin alade da hatsi. Ƙarfe bakwai na safe magina da direbobi sun yi layi da rigunansu masu ɗaukar ido, kowa burodi da naman alade a ciki yake so da shayi mai madara, ƙaurin man kuma a rigarka zai bi ka har aji. In a kicin aka sa ka kai za ka kankare kaskon, in a kanta ne kai za ka miƙa. Manyan shagunan kofi sun fi dama-dama, yawanci injin kofi ne da ɗumama abin da ya zo a leda, amma nan ma akwai alade a cikin sanwic. Kafin ka nema ka yi ɗan kwas ɗin tsaftar abinci mataki na biyu a intanet, ba tsada, awa biyu zuwa uku ka gama, yana sa a duba takardarka. Kuma a ƙananan wurare shiga da kanka da takardar bayaninka a hannu wajen ƙarfe uku da cinkoso ya ragu ya fi turawa ta waya. Za su nemi lambar tantance izinin aiki da kake cirowa daga bizarka ta intanet, da lambar inshorar ƙasa, ita kam za ka iya fara aiki kafin ta fito.

Shagon unguwa kuma kusan mai shagon layinku ne, tun sassafe har dare, madara, burodi, sigari, katin wuta, kuma ya san kowa da sunan karensa. Bambancin shi ne bango guda firji ne na giya, ga tikitin caca a kan kanta dab da hannunka. Da yawa daga cikin masu su 'yan asalin Indiya da Pakistan ne da Tamilawan Siri Lanka, wasu iyayensu na cikin waɗanda Idi Amin ya kora daga Yuganda a 1972, da yawansu Lesta suka zauna. Za ka ga allon Premier ko Londis ko Nisa a sama ka zaci kamfani ne, alhali na mutum ɗaya ne da iyalinsa, shi ya sa ɗaukar aiki a nan sai da sanayya. Ranar Lahadi kasuwarsu ke ci saboda dokar 1994 ta hana manyan kantuna buɗewa fiye da awa shida, su kuwa ƙanana ba ruwansu. In kana kan kanta duk wanda ka ga kamar bai kai 25 ba sai ka nemi katin shaida kafin ka sayar masa da giya ko sigari, shekara 18 ce doka, kuma hukuma na turo yara da gangan don gwaji, in ka sayar kai ma da ka miƙa ana iya cin tararka ba mai shago kaɗai ba.

A irin waɗannan shagunan da gidajen kebab ne za a yi maka tayin biya a hannu, fam 6 ko 7 a awa, ba takardar albashi, ka yi awa nawa kake so. Da yawa ma da salam alaikum ɗan'uwa za a fara maka. Don Allah kar ka karɓa. Jami'an shige da fice irin wuraren nan suke kai samame, tun Fabrairun 2024 tarar mai wurin ta kai har fam 45,000 a kan kowane ma'aikaci karon farko, 60,000 in ya sake, kai kuma bizarka ce za ta tafi, ranar da ya hana ka kuɗinka kuma ba inda za ka kai ƙara. Haka kai abinci a keke da manhajojin nan, doka na ɗaukarsa a matsayin sana'ar kai, bizar ɗalibi ta hana, haka buɗe shagonka ko dafa tuwo kana sayarwa.

Gidan giya, toh. A wajensu shi ne majalisa, nan ake kallon ƙwallo, nan ake cin gasasshen naman Lahadi da iyali har da yara da rana, nan ake taruwa bayan jana'iza. Ba mai zuwa tebur ya tambaye ka, kanta kake zuwa ka yi oda ka biya nan take, kusan ƙarfe 11 na dare a kaɗa ƙararrawa alamar odar ƙarshe. Wetherspoon, kamfanin gidajen giya da Tim Martin ya kafa a 1979, kusan kowane gari akwai shi, abincinsa da arha kuma kofi in ka biya sau ɗaya sai ka yi ta ƙarawa, shi ya sa da safe tsofaffi ne cike da jaridunsu. Gidajen giya kuma suna ɗaukar ɗalibai saboda aikin dare da ƙarshen sati. Ni ban yi ba kuma ba zan ce ka yi ba, ka san hadisin da ya haɗa mai sha da mai sayarwa da mai ɗauka. Na san 'yan'uwa da suka tsaya a wankin kwanuka a baya suka ce lalura, na san waɗanda suka ƙi suka tafi sito ko gidan kula da tsofaffi ko shara a ofisoshi. Ka tambayi malamin da ka yarda da shi tun kana gida ka yanke matsayarka, don in ka bari sai kuɗin haya ya zo wuya ba kai za ka yanke ba. 'Yan ajinku za su gayyace ka can bayan lacca, in ka ce ba ka sha ba wanda zai tsananta, in ma ba ka son shiga ka ce a haɗu a shagon kofi, suna yarda. Abu ɗaya, kifin gidan giya sau da yawa da giya ake kwaɓa fulawarsa, ka tambaya kafin ka ce ai kifi ne.

Mu namu wurin hirar dare shagunan kayan zaƙi ne da na shayin karak irin Chaiiwala da ta faro daga Lesta, amma sai garin da musulmi ke da yawa. Titin Wilmslow a Manchesta, titin Coventry da Alum Rock a Bamingham, titin Evington a Lesta, titin Leeds a Bradford, nan kam mahauta halal a jere, masallaci da ƙafa, aiki ma za ka samu wanda ba giya ba alade. Wasu na duba tambarin HMC, ƙungiyar da ke tantance naman halal, a ƙofa kafin su ci. Garin da ba haka ba sai ka hau jirgin ƙasa ka yo cefanen wata ka cika firiza. Kilishi da dambun nama kuma kar Hajiya ta sa maka a jaka, an hana shigo da nama da kayan madara daga Najeriya, ƙwacewa za su yi.

Gidan baƙi na kwana biyu zuwa uku ne kawai. Yawanci gidan mutum ne mai hawa biyu ko uku, mata da miji ke gudanarwa, allo a taga yana nuna akwai ɗaki ko babu, a garuruwan bakin teku irin Blackpool da Scarborough titi guda za ka gani duk su ne. Ɗan ɗaki, kafet, butar lantarki da kofi biyu da biskit a tire, matattakala ƙunci ga ka da akwati biyu manya kuma ba mai ɗaukar maka. Ba a girki a ɗaki, ba a shiga sai wajen ƙarfe uku na rana, ƙarfe goma ko sha ɗaya na safe ka fita, kuma in jirginka dare zai yi ka sanar tun da wuri don ba mai gadi a ƙofa. Ka gaya wa matar gidan tun daren cewa ba ka cin alade, za ta yi maka ƙwai da wake da burodi ba tare da wata magana ba. Ka taho da 'yar butarka ta roba, banɗakinsu takarda ce kawai. Kuɗin sati ɗaya a nan zai iya kai na wata guda a gidan haɗaka, don haka ka fara tuntuɓar ofishin masaukin makarantarku da ƙungiyar ɗalibai musulmi tun yanzu, kuma kar ka tura wa kowa kuɗin ɗakin da ba wanda ya je ya gano maka da ido. Kuɗin ajiya a doka ba ya wuce hayar sati biyar.

In kuma tunaninka daga aikin kafe a ɗauki nauyin bizarka bayan karatu, cire wannan, tun Yulin 2025 albashin da ake nema ya koma fam 41,700 a shekara kuma yawanci sai aikin matakin digiri.

Turo min sunan garin da watan da za ku fara, in duba ko akwai namu a kusa da zai leƙa maka ɗaki ya kuma gaya mana inda masallaci da mahauci suke. Ka zauna da Baba ku yi maganar 9,000 ɗin nan kafin ka biya kuɗin biza da na lafiya. A gaida su Hajiya.