Na toshe kukis gaba ɗaya, yanzu shafin banki yana koro ni

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ɗan ofishin aika kaya zuwa Kano a Shari'a Mansur, nan Makka. Kwamfuta ɗaya muke amfani da ita ni da yarana biyu. An ce min kukis ne ke satar bayanan mutum, sai na toshe su duka. Tun daga ranar, da na shiga shafin banki ko Absher, shafin hidimomin gwamnatin Saudiyya, sai ya maido ni waje. Wani mai gyaran waya ya ce in kawo riyal 50 ya sa min manhajar wanke kukis. Hankalina a tashe yake, don kuɗin mutane ne ke bi ta hannuna. Ta yaya zan zaɓi shafukan da za su ajiye kukis, in hana sauran?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Kwantar da hankalinki, babu abin da ya lalace. Da kukis shafi ke gane cewa ke ce kika shiga ɗazu. Da kika toshe duka, ya daina shaida ki.

Gyaran ba wuya. A burauzar Firefox (burauza ita ce manhajar da ake buɗe shafukan intanet da ita), shiga sashen sirri da tsaro, ki buɗe kukis ɗin, ki kunna goge su duk lokacin da aka rufe burauza, sannan a jerin waɗanda aka keɓe ki rubuta adireshin shafukan da kike so su ci gaba da tuna ki. Chrome ma yana da irin wannan jeri a saitin shafuka. Masu bin sawu don talla kuwa, wato kukis na wasu kamfanoni da ke laɓe a shafin da kika ziyarta, Safari ya toshe su tun 2020, Firefox kuma tun 2022 yake killace na kowane shafi daban. Chrome bai cire su ba, sai kin kashe da hannunki. In kina son ƙaramar manhajar da ake ƙara wa burauza don tace masu bin sawun, uBlock Origin ko Privacy Badger sun isa, kyauta ne, kuma daga rumbun burauzar kaɗai za ki ɗauko. A Chrome sai dai uBlock Origin Lite, don cikakken ya daina aiki a can.

Yanzu ga maganar riyal 50, wadda ita ta fi damuna.

Kusan kullum sai an zo min da wannan zance, wai kukis ƙwayar cuta ce. Ba ita ba ce. Ɗan rubutu ne da bai wuce kilobait 4 ba, ba ya motsi, ba ya buɗe fayil. Tun 1994 ake amfani da shi. Kin san lambar da ake ba ki idan kin ajiye jaka a wurin amana kusa da Harami? Wannan ita ce kuki. Ba ta cizo, amma duk wanda ya zo da ita shi za a miƙa wa jakar, ba za a tambaye shi sunan mahaifinsa ba. Saboda haka wasu ɓarayin yau ba sa wahalar da kansu wajen kalmar sirri. Kukin da aka ba ki bayan kin shiga suke nema, don a shafuka da yawa wanda ya same shi ya tsallake kalmar sirri da lambar da ake turowa ta waya baki ɗaya.

To wa ke iya kai hannu gare shi? Manhajar da kika girka da kanki. Sau da yawa abin da ake yawo da shi a filas ko a guruf na WhatsApp da sunan mai wanke kwamfuta, da zarar ya shiga sai ya nemi izinin karanta da sauya duk abin da ke kowane shafi. Mutum ya danna amincewa yana murna, an ba kura ajiyar nama. Wasu ma har sai sun sa ki girka wata takardar shaida ta musamman wai don tacewa ta yi kyau; ma'anarta, abin da ke tsakaninki da banki a rufe, su a buɗe suke ganinsa. Kwanaki wani dattijo ya kawo min kwamfutarsa, na tarar da masu gadi har huɗu jere a saman burauza, kowanne da tambarin garkuwa, alhali imel ɗinsa kwana uku yana hannun wani yana roƙon abokan cinikinsa kuɗi. Da na tambaye shi wa ya sa masa, ya ce yaron kirki ne, ɗan garinsu. Ban ce yaron ɓarawo ba ne. Galibi shi ma bai san abin da ke cikin filas ɗinsa ba, wani ne ya tura masa. Abin da ke ba ni haushi shi ne ana karɓar kuɗi a kan aikin da burauza ke yi kyauta.

Tunda ku uku ne, kowa ya samu nasa asusun a kwamfutar, ko ki ware burauza ɗaya ta banki kaɗai, babu wata ƙaramar manhaja da aka ƙara a kanta. Kada ki sa banki a jerin da aka keɓe, bar kukinsa ya goge da kin rufe. In kuma mai gyaran wayar nan ya riga ya taɓa kwamfutar, gogewa ba ta wadatar ba: daga wayarki ki sauya kalmomin sirri, ki fitar da duk na'urorin da ke cikin imel ɗinki, sannan a sake girka Windows daga tushe.