Baba Ya Rasu a Legas: Mu Kai Shi Gida ko Mu Binne a Nan?

Tambaya: Malam, mahaifinmu ya rasu a asibiti a nan Legas. Kawunnanmu sun ce sai an kai gawar Kano. Ga mahaifiyarmu ba ta daina kuka ba. Ina mafita? Daga wani ɗan'uwa a Agege.

Amsa: Allah Ya jiƙan Baba, Ya ba ku haƙuri. Sunna ita ce a gaggauta, don haka ku binne shi a nan. Legas zuwa Kano kusan kilomita 1,000 ne, ga zafi, gawa tana iya sauyawa a hanya. Ku lallashi kawunnan ta bakin limamin unguwarku.

Ku fara karɓar takardar shaidar rasuwa, don za a nema a maƙabarta, kuma ku hana ma'aikatan ɗakin ajiye gawa yi masa allurar hana ruɓewa. A yi wanka wutiri, sau 3 ko 5, a sa kafur a na ƙarshe. Salla kabbara 4 ce, babu ruku'u babu sujada.

A kula da kabari. A wurare da yawa ƙasar Legas yashi ce mai ruwa, musamman da damina, lahadun gefe, wato ramin da ake haƙawa a jikin bangon kabari, yakan rufta. A haƙa 'yar rami a tsakiya, a kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, a jera katako mai kauri kafin a zuba ƙasa.

Hajiya kuwa, a bar ta ta yi hawayenta, kururuwa da yaga tufafi ne aka hana. Takabarta wata 4 da kwana 10. Bayan 'yan gaisuwa sun watse kaɗaici ke tsananta, sai ku tsara wanda zai riƙa kwana da ita. Ku biya bashin Baba kafin rabon gado.