Tambaya da Amsa: Komik ɗin Ban Tsoro Mai Makin 9.8, Me Mutum Yake Saye?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Amurka, shekarata ta uku ke nan, aiki ne ya kawo ni. Tun ina yaro nake son labarin aljanu da fatalwa, to da na zo nan sai na afka wa littattafan labarin zane da suke kira komik, musamman na ban tsoro da ƙananan kamfanoni ke bugawa. Kwanaki a wani shago na ga littafi iri ɗaya guda biyu, ɗaya a leda, ɗaya a rufe ruf cikin gidan roba an manna masa 9.8, kuɗinsa ya ninka na ledar sau da yawa. Mai shagon ya ce na robar shi ne jari. Me wannan lamba take nufi? Kuma mai son ya fara tarawa, na roba zai riƙa saye ko na leda?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Mai shagon bai yi maka ƙarya ba, rabin magana dai ya faɗa maka. Lambar nan lafiyar takarda kawai take faɗa. Ba ta ce littafin yana da wuyar samu ba, ba ta ce akwai mai nemansa ba, balle ta ce labarin da ke ciki yana da daɗi. Yawancin asarar da sababbin shiga ke yi daga nan take farawa, sai su ɗauki lambar a matsayin amsar duk waɗannan tambayoyin.

Kamfanin da ya fi suna a wannan aiki shi ne CGC, yana garin Sarasota a jihar Florida, ya fara tantance komik a 2000. Akwai kuma CBCS da aka kafa a 2014, wanda Steve Borock, tsohon babban mai tantancewa na CGC ɗin, yana cikin waɗanda suka kafa shi. Kai za ka aika musu littafinka ka biya kuɗin aiki. Su ƙirga shafuka, su duba ko an yi masa kwaskwarima, su ba shi maki daga 0.5 zuwa 10, su rubuta launin takardar ciki, fara ce fat ko ta fara yin ruwan ƙasa, sannan su sa shi a wata leda mai kauri, su rufe cikin gidan roba mai tauri wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. 'Yan kasuwar suna ce wa gidan silab, littafin da ba a rufe ba kuma su ce ɗanye ne. Makin 9.9 da 10 kusan tatsuniya ne, sai jefi-jefi. Don haka a aikace 9.8 shi ne ƙololuwa, sai 9.6, sai 9.4, a yi ta gangarowa.

Abin da ke raba 9.8 da 9.4 ba ka ganinsa daga nesa. Ɗauki ɗanyen littafin nan da ka gani, ka karkatar da shi ƙarƙashin fitila, ka bi gadon bayansa da ido daga sama zuwa ƙasa, musamman kusa da wayoyi biyun da suka ɗinke shi. Za ka ga wasu ƙananan layuka a kwance, kamar an danna farce. Idan layin ya karya launi har farin takarda ya leƙo, maki ya tafi. A nan ne masu tara na ban tsoro suke shan wuya fiye da kowa, domin bangon littattafansu baƙi ne wuluk ko ja mai duhu, kuma baƙin bango ba ya rufa wa kowa asiri. Tabon yatsa, ɗan gogewar kusurwa, ƙwarzanen da ba za a lura da shi a farin bango ba, duk sai su fito ɓaro-ɓaro. Shi ya sa 9.8 a kan baƙin bango ya fi 9.8 a kan mai haske wuyar samu, ko da shekararsu ɗaya.

To amma sai ka raba tsoho da sabo, domin ba hukuncinsu ɗaya ba.

A farkon shekarun 1950 kamfanin EC na William Gaines ne sarkin ban tsoro, da Tales from the Crypt da 'yan'uwansa. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Fredric Wertham ya fitar da littafi yana zargin komik da lalata tarbiyyar yara, wani kwamitin majalisar dattawan Amurka ya zauna a kan maganar, Gaines da kansa ya je ya ba da bahasi. Kafin shekarar ta ƙare mawallafa suka kafa wa kansu hukumar tacewa, ta haramta masu shan jini da gawawwaki masu tafiya, ta hana ma a sa kalmomin da ke nufin tsoro a sunan littafi. Kasuwar ta mutu. Littattafan wancan zamani a kan takardar jarida mai arha aka buga su, yara suka karanta suka naɗe a aljihu, iyaye suka zubar, a wasu garuruwan har tara su aka yi aka cinna musu wuta. Wanda ya tsira da lafiyarsa abin nema ne na gaske. A irinsu, ko 5.0 abin alfahari ne, kuma tantancewa tana da amfani sosai, don ita ce za ta gaya maka ko wani ya taɓa bangon da alƙalami ya cike inda launi ya goge, ko ya datse gefe da reza don ya yi kyau. Gaines ya kan ajiye kwafi goma sha biyu na kowace fitowa a naɗe cikin takarda, shekaru da dama babu wanda ya taɓa su. Waɗannan idan sun fito kasuwa har sunansa ake rubutawa a kan takardar shaidar, wato takardar da ke saman silab mai ɗauke da makin.

Na zamani kuwa wani labari ne. Tun shekarun 1980 mai sayen komik ya san ya sa shi a leda da kwali a baya tun ranar da ya saya. Yau akwai waɗanda daga kwalin dillali suke zaɓar mafi kyau su tura Florida ba tare da sun buɗe shafi ko ɗaya ba. Idan littafi ya fito bara kuma dubban kwafinsa suna da 9.8, to 9.8 ɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, shi ne gama-gari. Mai 9.4 kuma sau da yawa ko kuɗin tantancewa da na aikawa ba ya mayarwa.

Abin da ke ba littafin ƙaramin kamfani daraja shi ne a buga kaɗan lokacin da babu wanda ya damu da shi, daga baya duniya ta waiwayo. The Walking Dead na Robert Kirkman da Tony Moore ne misalin da kowa ke kawowa. Kamfanin Image ya fitar da lamba ta 1, wato fitowar farko a jerin, a Oktoban 2003, zanen ciki baƙi da fari, dala 2.95, kwafi wajen dubu bakwai kacal. A 2010 tashar AMC ta mayar da shi shirin talabijin, miliyoyin mutane suka san shi, kwafin nan kuwa ba su ƙaru ba. A 2012 an sayar da wani mai makin 9.9 a kan sama da dala 10,000. Haka The Crow na James O'Barr da Caliber ya buga a 1989, kafin fim ɗin 1994, da 30 Days of Night na IDW a 2002, wanda fim ɗinsa ya zo a 2007. Ka lura, a dukansu ƙarancin bugu ne ya fara zuwa, sannan masu nema, maki shi ne na ƙarshe.

Nan ne kuma ramin da ya fi cin mutane yake: bugu na nawa ne? Something is Killing the Children na James Tynion IV da Werther Dell'Edera ya fito daga BOOM! Studios a Satumban 2019, ya ƙare a shaguna nan da nan, aka yi ta sake buga lamba ta 1 sau da yawa, da banguna iri-iri. Duk lamba ta 1 ce a rubuce, amma farashinsu ko kusa. Wani lokaci ma bugu na baya, idan kaɗan aka yi, ya kan fi na farko wuyar samu. The Walking Dead ma an sake buga lamba ta 1 a jerin Image Firsts na dala ɗaya, an kuma yi wasu na rabawa a tarukan baje koli. A littattafan zamani duba zanen layukan farashi (barcode) da ke jikin bango, akwai lambobi biyar a gefensa. Uku na farko lambar fitowa ce, ta huɗu bango na nawa, ta biyar bugu na nawa. Idan ka ga 00111, fitowa ta ɗaya ce, bango na ɗaya, bugun farko. Idan 00112 ce, bugu na biyu ka riƙe. A tsofaffin da ba su da wannan, sai ka duba ƙananan rubutun mawallafi a ciki. A silab kuwa ana rubuta bugun a takardar shaida, da ƙananan haruffa ƙarƙashin sunan littafin, wurin da idon mai ɗoki ba ya zuwa, don babbar lambar da ke gefen hagu ta riga ta ɗauke masa hankali.

Launin takardar shaidar ma magana ce. A tsarin CGC shuɗiya ita ce ta littafin da ba a taɓa shi ba. Rawaya tana nufin marubuci ko mai zane ya sa hannu a gaban wakilin kamfanin. Mai launin shunayya tana nufin an yi wa littafin gyara, kuma farashinsa kan faɗi sosai. Koriya kuwa tana cewa akwai wani babban aibi da aka ware ba a sa shi a lissafin maki ba, kamar shafin talla da aka yanke. Koriya mai 9.6 ba shuɗiya mai 9.6 ba ce, kada wani ya sayar maka da ita a wannan farashi. Akwai kuma guga. Ana sa littafi a na'ura mai zafi da ɗan danshi a danne shi, lanƙwasar da ba ta karya launi ba ta miƙe, 9.4 ya koma 9.6 ko fiye. Kamfanonin ba sa ɗaukar wannan a matsayin gyara, kuma ba a rubuta shi a takardar. Wasu tsofaffin hannu har yau suna ƙorafi a kai. Ni dai ban ga laifinsa ba idan gwani ne ya yi, na ɗan koyo ne ke ƙona bango ya bar shi yana sheƙi kamar wandon da aka goge ba a juya ba.

Kafin ka fitar da ko sisi, abu biyu. CGC yana wallafa ƙidayar duk abin da ya tantance, za ka ga kwafi nawa ne suka samu 9.8 a littafin da kake so. Ka karanta ta da lura, domin mutane kan fasa silab su sake aikawa da fatan maki ya ƙaru, sai littafi ɗaya ya shiga lissafi sau biyu, waɗanda ke kwance a gidajen mutane kuma ba su shiga ba sam. Na biyu, kada ka kalli farashin da mai kaya ya yanka, nemi wanda aka saya da gaske. A eBay akwai wurin duba abin da aka riga aka sayar, shafukan GoCollect da GPAnalysis ma suna bin ciniki, manyan kaya kuma a gidajen gwanjo irin Heritage suke fita. A 2020 da 2021, lokacin kullen korona, farashi ya yi tashin gwauron zabo, ko jita-jitar za a yi fim ta isa ta ninka kuɗin littafi. Daga 2022 aka fara sauka, kuma na zamani masu 9.8 ne suka fi jin jiki. Mutane da yawa har yanzu suna riƙe da kayan da suka saya a lokacin.

Robar kanta ba laya ba ce. A ƙarshen 2023 aka bankaɗo wata damfara inda ake buɗe silab a musanya littafin ciki da wanda bai kai shi ba, har CGC ya fitar da jerin littattafai kusan 350 da abin ya shafa. Kowane silab yana da lambar shaida. Shigar da ita a shafin kamfanin ka ga ko sunan littafi da maki sun dace, idan akwai hoto ka gwada shi da abin da ke hannunka, sannan ka bi gefen robar da yatsa ko akwai alamar ɓamɓara.

Yanzu ga tambayarka ta biyu. Ka ce labarin kake so, kuma littafin da ke silab ba ya karantuwa, ranar da ka fasa shi makin ya tashi aiki. Don haka na karatu ka sayi haɗaɗɗen kundi mai arha, ka karanta har ya tsufa. Ɗanyu ka riƙa saye a inda za ka riƙe su da hannunka ka duba, da haka ido ke gogewa. Silab kuwa ka bar shi ga 'yan kaɗan: littafin da kuɗinsa ya kai a ce an cuce ka idan an ɓoye maka gyara, ko wanda za ka saya daga nesa ba ka gani ba, ko tsoho na shekarun 1950. Gara silab ɗaya na littafin da aka buga kaɗan, ko da 9.2 ne, da goma masu 9.8 na abin da ya cika kasuwa.

Idan kuma kana da niyyar komawa gida da su wata rana, ka san cewa silab ba ya hana iska shiga gaba ɗaya, ba ya kuma tare hasken rana, jan launi ne ke fara kodewa. Ɗakin da ke ƙarƙashin kwano a watan Afrilu, ko lemar damina, za su mayar da farar takarda ruwan ƙasa alhali lambar da ke kai tana nan tana cewa 9.8. A tsaye ake jera su cikin kwali, a ɗaki mai sanyi da duhu, a ɗage daga ƙasa kuma nesa da bango saboda gara.

Ka koma shagon nan ka ce a ba ka na ledar. Duba lambobi biyar ɗin, ka gwada da abin da aka rubuta a takardar na robar. Ba mamaki ka tarar ba bugu ɗaya ba ne ma.