Manhajar kwafe faifai ta ƙi shiga kwamfuta, tana nuna lamba 1603

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da shagon ɗaukar hoto da buga takardu a Sabon Gari, nan Damagaram, kuma duk hotunan biki da suna da na ɗauka cikin shekara huɗu suna cikin kwamfuta guda mai Windows 10. Na sayi faifan waje domin in riƙa ajiye kwafinsu, amma manhajar da na sauko da ita don wannan aiki ta ƙi shiga. Takan yi nisa har layin ya kusa cika, sai ya koma baya, ta nuna lamba 1603. Na gwada sau biyar. A da akwai wata irinta da wani yaro ya saka mini, na goge ta bara. Wani ya ce in sake zuba Windows gaba ɗaya. Mece ce shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Kafin ka taɓa komai, ka jona faifan wajen nan, ka kwafe duk fayilolin hotunanka da hannu, ko da aikin zai cinye maka yini guda. Wannan ba ya bukatar wata manhaja, kuma gyaran da za mu shiga ya shafi sassan da Windows ke dogara da su wajen tashi, saboda haka bai kamata a fara shi ba alhali hotunan mutane suna wuri ɗaya tak. Idan kana da ondiler, wato na'urar da ke riƙe wa kwamfuta wuta idan an ɗauke, ka yi kwafin alhali kwamfutar tana jone da shi, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya lalata abin da ke kan faifan wajen. Shawarar sake zuba Windows kuwa ka ajiye ta a gefe tukuna, domin da wuya wannan matsala ta kai ga haka.

Lamba 1603 ba ta faɗin komai game da asalin ciwon. Ma'anarta a tsarin girke manhajoji na Windows ita ce an gamu da kuskuren da ya hana ci gaba, shi ya sa layin yake komawa baya yana kwashe abin da ya riga ya zuba. Maimaita gwajin sau biyar ko sau hamsin ba zai canza sakamako ba, tunda abin da ya tare hanyar yana nan inda yake.

Zargina ya fi karkata ga tsohuwar manhajar da ka ce ka goge bara. Manhajar kwafe faifai ba kamar ta kallon hoto ko ta sauraren waƙa take ba. Domin ta iya ɗaukar kwafin faifai alhali kana cikin aiki a kansa, yawancinsu sukan dasa wani ɗan shiri da ake kira direba tsakanin Windows da faifan, ta yadda duk abin da za a rubuta sai ya bi ta kansa. Idan jakar manhajar kawai ka jefa a kwandon shara, ko kuwa shirin cirewar bai kammala aikinsa ba, direban yakan zauna yana aiki a ɓoye, sabuwar manhaja kuma ta zo dasa nata ta tarar da wani a wurin, sai ta janye. Maganin shi ne ka tuna sunan tsohuwar, ka duba ko har yanzu tana cikin jerin manhajojin da ke kwamfutar, ka cire ta ta hanyar da ta dace. Idan ba ta cikin jerin, ka nemi shirin sharewa na kamfanin da ya yi ta, domin da yawa daga cikinsu suna bayar da shi kyauta. Wata dabarar da takan yi aiki ita ce a sake girka tsohuwar, sannan a cire ta yadda ya kamata, a kashe kwamfutar a kunna.

A nan sai na ja kunnenka. Za ka iya samun mai gyara da zai ce bari ya shiga jakar direbobi ya goge fayil ɗin da hannu. Kada ka yarda, sai idan ya fara cire sunan direban daga rajistar Windows, wato kundin da Windows ke ajiye saitunansa, a layin da ake kira UpperFilters. Idan aka goge fayil ɗin aka bar sunansa a rajista, Windows zai nemi direban lokacin tashi ya rasa, ya tsaya a shuɗin allo da saƙon cewa ba ya iya kaiwa ga faifan, wato kuskuren da ake sani da 0x7B. Mutum ya shiga da matsalar manhaja guda, ya fito da kwamfutar da ba ta tashi.

Idan an share tsohuwar kuma matsalar ba ta kau ba, to lokaci ya yi da za a karanta rahoton da shirin girkewar ke rubutawa da kansa, wanda mutane kaɗan ne suka san da shi. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta %temp%, ka jera fayilolin bisa kwanan wata, ka buɗe na baya-bayan nan mai ƙarewa da log. Idan fayil ɗin girkewar mai ƙarewa da msi ne, kana iya sa shi ya rubuta cikakken rahoto da wannan umarni, wanda ake rubutawa a baƙin allon umarni na Windows (cmd): msiexec /i sunanfayil.msi /L*v rahoto.txt. Rahoton yana da tsawo ƙwarai, kuma ba sai ka fahimci dukansa ba. Ka nemi kalmomin Return value 3, ko Valeur renvoyée 3 idan Windows ɗinka na Faransanci ne kamar yawancin namu a nan Nijar, sannan ka karanta layuka goma ko ashirin da ke samansu. A nan ne za ka ga ko direba ne ya ƙi dasuwa, ko an hana shirin izinin rubutu a wata jaka, ko wani sashe ne ya ɓace.

Akwai ƙananan abubuwa da ya kyautu ka duba a hanya. Ka kunna shirin da ikon mai gudanarwa ta hanyar danna shi da maɓallin dama na linzami. Ka dakatar da antibirus na ɗan lokaci, muddin daga shafin kamfanin ka sauko da manhajar, ba daga kile (USB) ɗin wani ba. Ka tabbata akwai sarari a faifan C, kuma samfurin da ka sauko da shi ya dace da na'urarka, mai bit 32 ko mai bit 64. Fayil ɗin kansa ma yana iya zama guntu idan intanet ta yanke ana cikin saukowa, don haka ka gwada girmansa da wanda kamfanin ya rubuta. Sannan ka dubi agogon da ke kusurwar allo. Kwamfutocin da ake shigo da su na hannu sukan zo da ɗan batirin CR2032 da ke kan uwar allo, wato babban allon da sassan kwamfuta ke jone a kansa, a mace, sai kwanan wata ya koma shekaru baya duk lokacin da aka cire wuta, kuma da kwanan wata na ƙarya Windows yana iya ƙin amincewa da sa hannun kamfani da ke jikin manhajar. Batirin mai faɗin kwabo ne, kuma canza shi aikin minti biyar ne.

Sauran abin da ya rage shi ne lafiyar Windows da ta faifan. Kwamfutar da ta sha mutuwa farat ɗaya saboda ɗaukewar wuta takan tara fayilolin tsari da suka lalace. Ka buɗe baƙin allon umarni da ikon mai gudanarwa, ka rubuta DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth, wanda yake bukatar intanet, bayan ya gama ka bi shi da sfc /scannow. Daga nan ka rubuta vssadmin list writers domin ka ga halin da hidimar VSS take ciki, wadda ita ce Windows ke amfani da ita wajen ɗaukar kwafin faifai alhali ana aiki a kansa, kuma yawancin manhajojin nan a kanta suke jingina. Idan wasu layuka sun nuna kuskure, kashewa da kunnawa kan gyara su. Ka kuma duba faifan kwamfutar da CrystalDiskInfo, manhajar da ke nuna lafiyar faifai. In ya nuna rawaya ko ja, to ka daina wahalar girke manhaja, ka sayi sabon faifai, domin zafin watan Afrilu da ƙurar hunturu ba sa barin tsohon faifai ya daɗe.

Ko da duk wannan ya ci tura, ba ka rasa hanya ba. Windows 10 yana da nasa tsarin adana tarihin fayiloli, wanda ya isa ga hotuna da takardu. Idan kuwa kwafin faifan gaba ɗaya kake so, manhajar Clonezilla kyauta ce kuma ba a girka ta, a kile ake sa ta a tayar da kwamfutar daga can, sai dai ka natsu wajen zaɓen faifan da za a kwafa da wanda za a zuba a ciki, domin juya su yana share komai. Ka duba kuma tsarin faifan wajen naka, domin FAT32 ba ya karɓar fayil guda da ya wuce giga 4, sai an mai da shi NTFS, kuma mayarwar ta hanyar wanke faifai tana goge abin da ke ciki. Microsoft ta dakatar da tallafin Windows 10 na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, saboda haka ka duba ko samfurin manhajar da ka ɗauko har yanzu yana karɓarsa. Idan ka gwada ka ga ba ta shiga ba, ka aiko mana da layukan nan da ke saman Valeur renvoyée 3 tare da sunan tsohuwar manhajar, mu duba su a fitowa ta gaba.