Amsa ga ƙanenmu da maigida ya hana shi taɓa inji

Assalamu alaikum. Ƙanena, wallahi da na karanta tambayarka sai da na ajiye wayar na yi shiru. Ka ce shekararka biyu a shagon sassaƙa ƙarfe a nan Katsina, ban da shara da goge inji da sayo abinci babu abin da maigida yake bari ka yi, ga shi wani kamfani ya kira ka gwaji, kana tambaya me za su duba, kuma ka je ko ka haƙura. Ni shekara uku na yi a cikin irin wannan hali, don haka bari in faɗa maka abin da na sani.

Ka je. Amma kafin ranar ka zauna da awo, domin shi ne abin da masu gida suke ɓoyewa. Juya hannun inji kowa yana iya koya da kallo. Baniya kuwa da maikiromita, wato kayan auna kaurin ƙarfe, sai an nuna maka. A maikiromita, juyi ɗaya rabin milimita ne, an raba shi gida 50, kowane gida 0.01. Inci ɗaya milimita 25.4 ne, ka haddace shi kamar sunanka, don tsofaffin injuna da yawa da inci suke.

Bari ka ji abin da rashin wannan ya ja mini. Lokacin kaka ne, wani bawan Allah ya zo daga ƙauye da shaf, wato sandar ƙarfe mai juyawa, na injin casar shinkafa, mutane sun tara masa buhuna suna jira. Boris mai lamba 6205 ne zai hau, raminsa milimita 25. Maigida ya rage ƙarfen har saura 0.2, sai aka kira shi waje, ya juyo ya ce da ni, "Kai, ƙarasa." Karo na farko ke nan a shekara uku. Hannuna har rawa yake don murna. Na juya lamba 0.2 daidai yadda hankalina ya ba ni. Abin da bai taɓa gaya mini ba, a wannan injin idan ka tura wuƙar sassaƙa 0.2, ƙarfen 0.4 yake raguwa, tunda zagaye yake ci, ta nan da ta can. Aka kawo boris, ya zurma kamar zobe a yatsar yaro.

Maigidan nan a gaban mai kaya da yaran shago da mai sayar da rake ya zage ni tas, har da iyayena da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Ya ce kaina na jaki ne, in koma gona. Wata uku bai ba ni ko kuɗin sabulu ba, wai yana cire asararsa. Wace asara? A gabana ya cika wurin da walda, ya sake sassaƙe shi kafin la'asar, ya kuma karɓi kuɗinsa cif a hannun mai shinkafa. Magana ɗaya ce da bai fi ya faɗa mini a cikin minti guda ba, ya riƙe ta shekara uku. Na yafe masa don ya tsufa yanzu, muna gaisawa in mun haɗu a jana'iza, amma har yau in na ɗauki boris 6205 sai na ji muryarsa.

To, a kamfani da wuya su tsaya dogon surutu. Ni dai zane aka miƙo mini da guntun ƙarfe, aka ce in fitar da abin da ke takardar. Ka iya karanta zanen: ina kauri, ina tsawo, kuma ɗan ƙari ko ragin da aka yarda da shi nawa ne. Idan an rubuta 25 da ƙari ko ragin 0.02, to 24.97 ya zama shara, ko da ya fi madubi sheƙi. Kada ka auna ƙarfe da zafinsa, yana kumbura, in ya huce ya ba ka kunya. Ka rufe maikiromita ka ga ta tsaya a sifiri kafin ka yarda da ita. Kuma suna kallon yadda kake ɗaura aiki ya zauna a tsakiya ba ya layi, da yadda kake wasa wuƙarka da kanka.

Don Allah kar ka je da kaftani mai dogon hannu, kar ka sa safar hannu kusa da abin da ke juyawa, zobe da agogo a aljihu. Makullin ɗaure aiki kuwa, kar hannunka ya rabu da shi yana jikin inji. Na ga ya tashi ya fasa kwanon rufi. Ɓurɓushin ƙarfe da ƙugiya ake jan sa bayan an kashe inji, ban da yatsa, ga tabon nan a hannuna na dama.

Mu da muka taso muna ganin kamfanin mulmula ƙarfe na Katsina, burinmu kawai mu sa rigar aiki mu shiga ciki. Yanzu yara sai maganar CNC suke, mai aiki da kwamfuta, ni ma ina sha'awarsa, amma shi ma mutum ne yake auna na farkon da ya fito kafin a saki sauran. Af, ka nemi takardar gwajin sana'a ta Ma'aikatar Ƙwadago, ana farawa daga mataki na 3. Na yi sakaci da ita, wani yaro da na koya wa aiki ya zo ya fi ni albashi.

Maganar maigidanka kuma, kar ka fita da faɗa, garin nan ƙarami ne. Ka sa babba a gidanku ya je ya nema maka izini. In kana da baniya ko ta aro ce, samo tsohon boris 6205 wurin masu gyaran inji, ka auna raminsa da bayansa da faɗinsa, ka rubuto nan abin da ka samu, in gaya maka ko idonka ya fara zama.